Ra'ayina kan jami'an shige da fice: kantar farko ba laifi, ɗaki na biyu ne matsalar

Jama'a barkanmu da warhaka. Mun saba rubuta ra'ayi akan otal ko kamfanin jirgi ko shagon da ya sayar mana da waya, amma akwai wasu ma'aikata da duk matafiyi dole sai ya bi ta hannunsu kuma ban cika ganin ana auna aikinsu ba, wato jami'an shige da fice ɗin nan da ke zaune bayan gilashi suna duba fasfo, su ne masu cewa shiga ko koma. Kamfanin jirgi in ya ɓata maka rai gobe sai ka hau wani, su kuwa waɗannan babu zaɓi, wanda layi ya kaika gabansa shine naka ko da fara'a ya tashi ranar ko da fushi. Aikina yana sa ni yawan tafiya ta sama da ta ƙasa, na tsaya gabansu a ƙasashe daban daban, toh yau zan faɗi abunda idona ya gani. In taurari ake bayarwa uku zan basu cikin biyar, kuma biyun da na cire ba wai don suna hana mutane shiga bane. Kowace ƙasa tana da ikon ta ce wane ya shigo wane kar ya shigo, wannan bani da ja akai. Abunda ke ci min rai shine a karɓe fasfon mutum a ajiye shi awa da awanni, babu wanda zai buɗe baki ya ce masa ga abunda muke dubawa ko ga abunda ya rage maka ka kawo.

Bari in fara da abunda yake ba mutane da yawa mamaki. Biza ba ita ce izinin shiga ba. Mutum zai sha wahala ya cike fom, ya biya kuɗi, ya yi intabiyu a ofishin jakadanci, a manna masa biza a fasfo, sai ya ɗauka shikenan an gama, alhali bizar izini ce kawai na ya taho har bakin boda ya nemi a barshi ya shiga. Turawan yankin Shengen, wato ƙasashen Turai 29 da suka haɗa bizarsu da bodarsu wuri ɗaya, sun rubuta shi ƙarara a dokar bizarsu sashe na 30, cewa riƙe biza kaɗai bai ba mutum haƙƙin shiga kai tsaye ba. Amurka ma haka take, ma'aikatar harkokin waje ce ke bada biza amma jami'in CBP da ke filin jirgi, hukumar kwastan da tsaron boda da aka kafa a 2003, shine mai yanke hukuncin shigarka kuma shine mai cewa ga ranar da zaka fita. Wallahi da ofisoshin jakadanci suna faɗa wa mutane wannan da babbar murya ranar da suke miƙa musu fasfo, da an rage kuka a filin jirgi.

Abu na biyu, kafin ka iso gaban jami'in ma an riga an san da zuwanka. Tun wajen awon kaya ma'aikacin kamfanin jirgi yake buɗe wani kundi a kwamfuta mai suna Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA, ya duba me ƙasar da zaka ke buƙata daga mai irin fasfonka. In ka ga suna tsananta tambaya akan tikitin dawowa har kana jin haushi, ba ƙiyayya bace, ƙasashe da dama suna cin kamfanin jirgi tara in ya kwaso fasinja mara cikakkun takardu, kuma bisa ƙa'idojin da suka biyo bayan yarjejeniyar Chikago ta 1944 kan sufurin jiragen sama kamfanin da ya kawoka shine zai maidaka in an ƙi karɓarka. Sannan sunanka da lambar fasfonka da ranar haihuwarka ana tura su can kafin jirgin ya sauka, wasu ƙasashen har da yadda aka sayi tikitin da inda ka biyo. Shi kuma jami'in da ya ɗora fasfon akan na'ura, tana karanta layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, tana gwada su da jerin mutanen da ƙasar ke nema, da kundin Interpol na fasfunan da aka sace ko suka ɓata wanda aka fara tun 2002. Kenan lokacin da kake cewa barka da aiki ofisa, shi ya riga ya ga rabin labarinka a allo.

Toh kantar farko, nan kam gaskiya na yaba musu. Mafi yawan lokuta abun bai kai minti biyu ba. Me ya kawoka, kwana nawa zakayi, ina zaka sauka, wani lokacin wa ya biya maka kuɗin tafiya ko wane aiki kake yi a gida. Na daɗe ina lura da su, ba wai amsar ce kawai suke saurare ba, suna duba ko maganarka ta yi daidai da takardarka ne. Ka ce yawon buɗe ido kazo na sati ɗaya amma akwatinka uku kuma harda takardun makaranta na asali a jaka, ka ce wajen ɗan uwa zaka sauka amma baka san unguwarsa ba balle lambarsa, ka ce taro kazo amma baka iya faɗin ranar da za'a fara ba. Irin wannan ne ke sa jami'i ya ɗago kai. Kuma akwai wanda mutanen kirki ke faɗawa ciki ba da mugun nufi ba, mutum ya zo da bizar ziyara sai ya ce ai zan ɗan taya yayana tsaron shago kafin in koma, a zuciyarsa zumunci ne, a dokar ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya kuwa ana iya lissafa shi a matsayin aiki ko da ba'a biyanka ko sisi. Jami'in da ya iya aikinsa yana sake tambayar ta wata fuska don ya gane me kake nufi. Wanda bai iya ba kuwa kalma ɗaya ta ishe shi ya danna maɓalli.

Sharuɗɗan kansu ba ɓoyayyu bane, wannan ma abun yabo ne musamman a Turai. Dokar bodar Shengen ta 2016 sashe na 6 ta jera su: fasfo wanda zai ƙara wata 3 aƙalla bayan ranar da kake niyyar fita kuma wanda aka bayar cikin shekara 10 da suka wuce, biza in ƙasarka na cikin masu buƙata, hujjar dalilin zuwanka da inda zaka zauna, kuɗin da zai riƙeka har ka koma, sannan kar sunanka ya kasance cikin kundin waɗanda aka hana shiga, kar kuma a ɗaukeka barazana ga tsaro ko lafiyar jama'a. Ga kuma lissafin iyakar zaman mai ziyara, kwana 90 cikin kowane kwana 180, wanda ke rikita mutane sosai saboda ƙasashe 29 ɗin nan duk lissafi ɗaya ne, fita daga Faransa ka shiga Jamus bai sabunta maka komai ba. Wasu ƙasashen wajen Turai su kuma wata 6 suke so ya rage a fasfo. Duk wannan mutum zai iya karantawa ya shirya, inda gizo ke saƙar shine wajen hujjar dalilin zuwa da isasshen kuɗi, don nan ne aka bar wa jami'i ya auna da hankalinsa, mutum biyu masu takardu iri ɗaya ɗaya ya wuce ɗaya a tsare shi.

Anan ne kuma maganar wane fasfo ka riƙo take shigowa, kuma ba zan ɓoye ba tana min ciwo. A filayen jiragen Birtaniya tun 2019 ɗan Amurka ko Kanada ko Japan ko Singafo ko Koriya ta Kudu ko Ostireliya yana zuwa ƙofar na'ura ne kawai ya ɗora fasfo, kyamara ta kalle shi ƙofa ta buɗe, bai yi magana da kowa ba. Mu kuma da muka sauko daga jirgi ɗaya dashi muna can layin da ya lanƙwasa sau biyar, kowa ya rungume fayil ɗin takardu. Na san dalilin da suke bayarwa, wai lissafi ne na ƙasashen da mutanensu suka fi wuce wa'adi. Naji. Amma wanda ke tsaye a layin ba ƙasa bane, mutum ɗaya ne da bai taɓa karya dokar kowa ba, kuma yana gani da idonsa yadda fuskar jami'i ke canzawa da zarar ya ga bangon fasfon tun kafin ya buɗe. Ba dukansu ba, Allah ya sani, amma wanda ya taɓa ganin wannan canjin fuskar ya san abunda nake faɗa.

Yanzu ɗaki na biyu, inda taurarina biyu suka zube. A wani babban filin jirgi, ba sai na kama sunan ƙasar ba, jami'in ya ɗora fasfona ya kalli allo ya sake kallona, bai ce komai ba sai ya saka fasfon a wata leda ya ɗaga hannu, wani ya zo ya ce biyo ni. Nace lafiya dai ofisa, yace bincike ne kawai. Iyakar bayanin da na samu kenan har na fito. Ɗakin kujeru ne jere an ɗaure su da ƙasa, babu taga, ga takarda a bango an hana taɓa waya, a gaba kuma kanta mai tsawo jami'ai na shiga suna fita da fasfunan mutane a hannu. Babu lamba da zaka ja ka san kai ne na nawa, wanda ya shigo bayanka sai a kira shi kafin kai, in ka miƙe ka tambaya a ce koma ka zauna za'a kiraka. Akwai wani yaro ɗalibi da ya ƙanƙame takardar makarantarsa hannunsa na rawa, akwai mace da jariri yana ta tsala kuka madarar na cikin jakar da ba'a bata ba, akwai wani dattijo da ke ta kallon agogo saboda jirgin da zai canza. Kowa shiru, kowa na tsoron kar ya yi motsin da za'a fassara.

Wadda ta fi tsaya min a rai wata tsohuwa ce a kusa dani, na ji tana salati ƙasa ƙasa sai na gane muna jin yaren juna. Nace sannu Mama, me suka ce miki? Tace ɗan nan wallahi ban san me suka ce ba, sun dai karɓi fasfo suka nuna min nan. Ashe wajen ƴarta tazo da ta haihu, adireshin da lambar ƴar duk suna cikin waya, wayar kuma an hana ta kunnawa, ita kuma ba ta jin yaren ƙasar ba ta jin Turanci. Ƴar tana waje a wajen tarbar baƙi da mijinta, tsakaninsu da ita bango ɗaya ne, amma babu wanda ya san halin da ɗaya ke ciki. Na je kanta nace ranka ya daɗe baiwar Allahn nan ba ta jin abunda ake faɗa, ko zan iya fassara mata, aka ce in zauna ba ruwana. Na fahimci dalilin, ba za su yarda fasinja ya yi wa fasinja tafinta ba don kar ya gyara mata amsa. Toh amma sai a nemo tafintan, ko ta waya ce, ba a bar tsohuwa ta yi awanni tana zaton ɗaure ta za'ayi ba. Sai da aka canza masu aiki wata jami'a ta shigo, ta kalle ta, ta kawo mata ruwa a kofi, ta bata izinin buɗe wayar a gabanta, ta kira ƴar da kanta. Ko minti goma ba'ayi ba aka buga mata hatimi. Abunda ya riƙe ta duk tsawon lokacin nan kiran waya ɗaya ne.

Ni nawa kuma ashe suna ne ya zo ɗaya da na wani da suke nema, wannan ma ba a hukumance aka faɗa min ba, jami'in da ya miƙo min fasfon ne ya faɗa a gajarce yana kallon wani waje. Tambaya uku ya min, sunan mahaifi, inda aka haifeni, ko na taɓa zama wata ƙasa da ya ambata. Jirgin da zan canza ya riga ya tashi, babu wanda ya ce yi haƙuri. Ban ce kar su bincika ba, in ni ne a kujerar nima zan bincika, mai suna irin na Muhammad ko Ali ko Ibrahim a duniyar nan miliyoyi ne kuma dole a tantance. Amma me zai rage musu in sun ce malam sunanka ya yi kama da na wani, zamu tabbatar, zai ɗau lokaci, ga banɗaki can, ga waya ka sanar da masu jiranka? Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a ɗakin nan babu ko ɗaya.

Abun da ya ƙara ɓata min rai daga baya shine da na karanta na ga a wasu wuraren doka ma ta tanadi wannan. Ita dai dokar Shengen ɗin sashe na 7 ta ce jami'i ya mutunta darajar ɗan Adam a aikinsa kuma kar ya nuna bambanci saboda jinsi ko launin fata ko ƙabila ko addini ko naƙasa ko shekaru. Sashe na 8 ya ce wanda aka kai bincike na biyu a bashi bayani a rubuce, cikin yaren da yake ji ko ake kyautata zaton yana ji, akan dalilin binciken da yadda za'ayi shi, har ma yana da damar ya nemi suna ko lambar aikin jami'in da ya bincike shi. Sashe na 14 kuma ya ce in za'a hana mutum shiga sai da takarda mai ɗauke da takamaiman dalili, fom ne guda ɗaya duk ƙasashen ke amfani dashi, dalilan an jera su da haruffa, misali E shine rashin hujjar dalilin zuwa, G rashin isasshen kuɗi, F ka cinye kwana 90 ɗinka. Kana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, sai dai ƙarar ba ta dakatar da maidaka, daga gida zaka bi ta. A takarda tsarin nan ya yi kyau ƙwarai kuma na yaba wa waɗanda suka rubuta shi. Matafiya nawa ne suka san dashi, kuma wa ke da ƙarfin halin tambayar lambar jami'in da fasfonsa ke hannunsa, wannan ita ce tambayar.

Amurka kuwa nata tsarin ya fi tsauri kuma ya kamata mai zuwa can ya sani tun daga gida. A wajen binciken shiga, baƙo mai biza bashi da haƙƙin a kira masa lauya. Suna da ikon duba wayarka da kwamfutarka, ƙa'idar da suka fitar a Janairun 2018 ta raba shi biyu, akwai dubawa da hannu wadda jami'i zai iya yi ba tare da wani zargi ba, akwai kuma wadda ake jona na'ura a kwafe abun ciki, ita wannan sai da dalilin zargi ko batun tsaron ƙasa da amincewar shugaba. Ɗan ƙasa in ya ƙi bada lambar sirri ba za'a hana shi shiga ƙasarsa ba ko da an riƙe wayar, kai baƙo kuwa ƙin bayarwa na iya zama sanadin komawarka. Sannan in abu ya ɓaci hanya biyu ce. Ko a baka dama ka janye neman shigarka da kanka, a soke bizar ka koma, wannan babu haramcin shekaru akai. Ko kuma a yi maka korar gaggawa wadda dokar 1996 ta kawo, ba alƙali ba kotu, jami'i da shugabansa ne kawai, kuma tana zuwa da haramcin shiga na shekara 5. Bambancin nan babba ne sosai, amma mutumin da ya kwana a jirgi ya wuni a kujerar ƙarfe, aka turo masa takardu aka ce sa hannu anan da nan, ta yaya zai san wacce yake sa wa hannu? Dan Allah duk wanda ya tsinci kansa a nan ya karanta kafin ya sa hannu, in baya jin yaren ya ce a kawo tafinta, kuma kar ya yi ƙarya ko da ƙarama ce don ƙaryar da aka kama a boda ta fi rashin takarda illa nesa ba kusa ba, tana iya bin mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Wanda aka ƙi kuma abunda ke biyo baya kusan iri ɗaya ne ko'ina. A ajiye shi a wani ɗaki cikin filin jirgin har a samu jirgin da zai koma inda ya fito, in jirgin sai gobe ne ko jibi toh nan zai kwana, sau da yawa fasfon ma ba'a bashi a hannu sai a miƙa wa ma'aikatan jirgi su bashi in an sauka. A Turai, kafin sabon tsarin na'ura, an daɗe ana buga hatimin shiga sannan a ja masa kuros da baƙar tawada mara goguwa a rubuta harafin dalilin a gefe, duk jami'in da ya buɗe shafin nan gaba ya gani. Kuma fom ɗin biza na ƙasashe da yawa yana tambaya ko an taɓa hanaka shiga wata ƙasa, kaga hukuncin minti ashirin ya zama abunda zaka riƙa bayani akai shekara da shekaru. Shi yasa nake ganin wanda aka ba irin wannan ikon bai kamata ya yanke shi cikin gajiya ko jin haushi ba.

Bodar ƙasa kuma wata duniya ce daban, can matsalar ba yawan tsauri bace, rashin tsari ne. Na tsaya a wata boda inda jami'i ya karɓi fasfunan duk ƴan motar ya zuba a durowa, sai kowa ya shiga ɗaya bayan ɗaya ya bada na goro kafin a buga masa hatimi, babu rasit babu komai, wanda ya ce takarduna ai sun cika sai a ce ya jira a waje, direba kuma na ta hon fasinjoji na ce masa haba malam ka basu mu tafi mana. Abun takaicin shine waɗanda aka fi tatsa sune mata masu ƙananan kaya da samari masu neman aiki, wanda ya zo da babbar mota ko gilashi ba'a sa shi ya sauke ba. A yammacin Afirka yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90 ba biza, in yana da takardar tafiya da katin rigakafi, duk da ta bar wa kowace ƙasa ikon ƙin wanda dokarta ta hana. Babu inda ta ce a biya kuɗin hatimi. Katin rigakafin shawara ma, yalo kad ɗin nan, ya zama abun cin abinci, a ce maka ya ƙare alhali tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta maida shi na har abada, allura ɗaya ta wadatar, yana fara aiki kwana 10 bayan an yi ta. Wannan ɓangaren ko tauraro ɗaya bai ci ba.

Duk da haka ba zan yi musu rashin adalci ba. Aikin nan da wuya, mutum ya zauna awa takwas ko fiye yana kallon fuskoki ɗaruruwa, an bashi ƴan daƙiƙu ya gane mai gaskiya da mai fasfon jabu, in ya bar mugu ya wuce shi za'a tuhuma, in layi ya yi tsawo shi za'a zaga. Kuma tambayoyin nan da ke bamu haushi su ne wani lokacin ke ceto yarinyar da aka yaudara da sunan aikin gida alhali safararta ake, ko yaron da wani ya ɗauko ba da sanin uwarsa ba, shi yasa mai tafiya da yaro shi kaɗai ake nemansa da takardar yardar ɗaya iyayen a ƙasashe da dama. Na ga jami'in da ya durƙusa ya yi wa yaro magana a hankali yana tambayarsa wannan wanene naka, na ga wanda ya fito daga kanta ya tura keken wata mara lafiya da kansa. Akwai kuma nauyin da ya fi duka, mutumin da ya iso ya ce ina tsoron komawa za'a kasheni, yarjejeniyar ƴan gudun hijira ta 1951 sashe na 33 ta hana a maida shi inda ransa ke cikin haɗari, kuma kunnen farko da zai ji wannan maganar na jami'in kantar ne.

Yanzu na'ura ce ke karɓe aikin a hankali. Turai ta fara sabon tsarinta na rajistar shiga da fita mai suna EES ranar 12 ga Oktoban 2025, ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a maimakon hatimi, yara ƴan ƙasa da shekara 12 ba'a ɗaukar yatsunsu, kwamfuta ce kuma ke lissafa kwanakinka. Ta wani ɓangaren naji daɗinsa, babu sauran rigimar hatimin da bai fito sosai ba ko wanda aka manta ba'a buga maka ba ranar fita, na'ura kuma ba ta karɓar na goro. Amma ba zata taɓa ɗakin nan na biyu ba, don duk wanda allo ya nuna masa ja can za'a kaishi, kuma can ɗin mutum ne zai same shi ko mai kirki ko akasin haka.

Ga mai shirin tafiya, abunda ke cikin waya a buga shi a takarda, adireshin masauki da lambar mai tarbarka da tikitin dawowa da wasiƙar gayyata da inshora, a jakar hannu ba a akwati ba, magani ma haka. In tsoho ko tsohuwa zaku tura su kaɗai ku rubuta musu takarda da yaren ƙasar, sunana kaza, wajen ƴata nazo, ga lambarta tana waje tana jirana, bana jin yarenku a nemo min tafinta. In kuɗin hannunka ya kai yuro 10,000 a Turai ko ya haura dala 10,000 a Amurka ka bayyana wa kwastan da kanka, ɗaukar su ba laifi bane, ɓoyewar ce laifi. In kuma jirgi zaka canza a ƙasar da sai ka bi ta shige da fice, kar ka sayi tikiti mai tazarar awa ɗaya. Wanda kuma ake yawan tsarewa a Amurka saboda kamannin suna, akwai shirin kai koke na ma'aikatar tsaron cikin gidansu mai suna DHS TRIP da ake cikewa ta intanet a baka lamba ta musamman wadda zaka riƙa sakawa duk lokacin da kake sayen tikiti, ba ta bada tabbacin ba za'a sake tsareka ba amma tana taimaka musu su rabaka da wancan mai sunan.